Lefe a Cikin Hayaƙi

Duk wanda ya taɓa zama a majalisar gindin darbejiya da ke layin su Inno a Bagadaza ya san Sallau, domin ko ba ka nemi saninsa ba, shi zai sanar da kai kansa. Takalma yake sayarwa a kasuwa, amma in ka ji shi yana zancen mota sai ka rantse a cikin inji aka yanke masa cibiya. Shi ya raɗa wa kansa suna Injiniya. Shekara biyar ke nan babu wanda ya taya shi kiran sunan, shi kuwa bai gaji ba, duk maganar da zai fara sai ya ce, "Ni Injiniya nake gaya muku."

Motar da yake wannan cika bakin a kanta ma ba tasa ba ce. Ta kakansu ce marigayi, Bakatsinen da fatauci ya kawo Gombe. Da ya rasu ta zama ta Inno, kakarsu, wadda ta riƙe Sallau da ƙannensa biyu, Suhaib da Batul. Tsohuwar mota ce mai ruwan toka. Ba ta gudu, amma ba ta taɓa barin kowa a hanya ba, sai a lokutan da Sallau ya gyara ta. Ya taɓa canza mata hon, hon ɗin ya maƙale a ƙofar masallacin Juma'a ana tsakiyar huɗuba. Ya taɓa ɗura mata wani koren ruwa da aka ce yana wanke inji, ta yi kwana uku tana tari.

Ranar wata Litinin da safe Inno ta kira shi tsakar gida, Batul tana gefe tana guga.

"Maigida," haka take kiransa, irin wasan nan na kaka da jika, "ranar Asabar za mu kai lefen Suhaib gidan Alhaji Babakura a GRA. Mutanen Barno ne, ba a zuwa musu da abin kunya. Kai za ka ja mu. Amma buɗe kunnenka da kyau. In motar nan ta kunyata ni ta dalilin hannunka, makulli ya bar aljihunka ke nan har abada. Batul ta ciri lasisi tun bara."

Sallau ya tuntsire da dariya. "Batul? Wadda take taka birki ta ba kaza hanya?"

"Kazar ta isa gida lafiya, Yaya, ni ma na isa," in ji Batul, ba ta ko ɗago kai ba.

Dariya yake yi, amma ta fatar baki ce. Makullin nan shi ne duk girmansa a unguwa. Shi yake juyawa a ɗan yatsa in ya doso majalisa, shi yake ajiyewa a kan benci da ƙarfi don a ji. In babu shi, ya koma Sallau mai takalma kawai, kuma wannan ne abin da ya fi tsoro a duniya.

Mai hankali da ya ji wannan gargaɗi, wanke mota zai yi ya duba mai da ruwa ya jira Asabar. Sallau kuwa sai ya zauna yana tunanin motocin GRA masu sheƙi, da yadda tasu za ta shiga tsakaninsu ba wanda ya waiwayo. Ya ga lallai wannan shi ne abin kunyar da Inno take gudu, ita ce dai ba ta gane ba. A ranar ya ci karo da wani bidiyo a waya, wani mutum ya sa wa motarsa sabuwar salansa mai ƙyalli, ya taka totur, mota ta ɓace a ƙura. Sau tara ya kalla. Kafin la'asar yana Herwagana, a rumfar Danny mai walda, wanda yake haɗawa da sayar da kayan mota.

Salansar tana nan a rataye, baki ƙato, tana walƙiya har mutum yana ganin fuskarsa. Sallau ya ɗauko kwalinta yana karantawa da ƙarfi yana fassara wa kansa.

"Ka ji ko, Danny? Ƙarfin inji zai ƙaru. Shan mai zai ragu da rabi. Mota za ta riƙa numfashi sosai."

"Oga Sallau, kwali ne ya faɗa, ba ni ba."

"To ƙarya za su rubuta a kwali?"

"Ni dai abin da na sani, shekara goma sha biyu ina ɗaura irin wannan. Ƙara kam, garanti, har maƙwabta za su samu. Gudu kuma, injin motarka ya tsufa, Oga. Ko bututun zinariya ka sa masa, abin da yake iyawa shi zai yi."

"Kai walda ka sani, ba ka san kimiyya ba."

"Na yarda. Amma bakin wannan ya fi bututun motarka faɗi, sai an yi mata haɗi mai kyau. Wannan satin ina kan ƙofofin coci. Ka kawo Litinin mai zuwa."

"Litinin? An kai lefe an dawo? Ba ni nan, aikin minti ashirin ne a wurin Injiniya."

Danny ya miƙa masa, ya bi shi da kallo irin na wanda ya san za a sake haɗuwa.

Aikin minti ashirin ya ci wa Sallau yinin Talata cur. Ya shiga ƙarƙashin mota da zarton ƙarfe ya datse tsohuwar salansa ya wurgar bayan katanga. Da ya zo haɗa sabuwa, sai ga bututun mota yana iyo a cikin bakinta. Bai damu ba. Ya fasa gwangwanin madara biyu ya naɗa a mahaɗar, ya ɗaure da wayar ƙarfe. Sai kuma ya ga babu inda zai rataye ta, domin ta fi tsohuwar nauyi. Nan ma dabara ba ta ƙare masa ba. Ya buɗe but, ya ɗage shimfiɗa, ya sa ƙusa da guduma ya huda ramuka huɗu a ƙasan but ɗin, daidai saman gwangwanin madara, ya zura waya ya ɗaure tamau. Ramukan sun ɗan yi faɗi, yatsa biyu na shiga, amma ya ce iska ce za ta riƙa ratsawa.

Maƙwabcinsu Wakil yana zaune a kan tabarma yana kallo tun safe. Dattijo ne, tsohon direban babbar mota, rikici ne ya taso su daga Barno shi da matarsa Ya Falmata suka kama haya a jikin gidan Inno.

"Malam Sallau, waccan da ka jefar me ta yi maka?"

"Shiru ya yi mata yawa, Baba Wakil. Ita ta shaƙe motar nan shekara da shekaru."

Ya shiga ya murɗa makulli. Abin da ya fito daga bayan motar nan ba ya faɗuwa. Kajin layin suka watse, wata akuya ta tsinke igiya, mai shayin bakin hanya ya tuntsurar da butarsa. Mata suka leƙo ta kan katanga. Inno ta fito da ɗankwali a hannu tana salati, tana tambaya ko transifoma ce ta fashe.

"Ƙarfi ke nan, Inno!" Sallau ya ƙwala ta taga. "Da can a ɗaure yake!"

Wakil ya taso a hankali ya dafa ƙofar motar, ya jira aka kashe.

"Ɗana, mun baro ƙara a garinmu, mun zo Gombe mu huta. Kai kuma ka sayo ta da kuɗinka ka kawo mana ƙofar gida."

"Shigo a zaga da kai, Baba, ka gani da idonka."

Suka hau titi. Sallau ya taka totur har ƙasa, mota ta ɗauki ruri, masu babur suna kaucewa suna waiwaye, suna neman tirelar da ke tafe. Wakil kuwa allurar gudu kawai yake kallo. Da suka dawo ya sauko ya karkaɗe rigarsa, 'yan majalisa suka kewaye shi.

"Yaya, Baba Wakil? Ta ƙara gudu?"

"A kunne ta kai ɗari da ashirin. A allura arba'in da biyar."

"Allurar ce tsohuwa," Sallau ya yi caraf. "Ba ta saba da irin wannan ƙarfin ba. Ku ba ta kwana biyu ta koya."

Inno ta so ta karɓe makulli tun a ranar, amma ya bi ta da daɗin baki, ya nuna mata kwali, ya ce kwana uku sabon ƙarfe yake yi kafin ya kwanta, ranar Asabar ko jariri zai yi barci a ciki. Ta ce ita dai maganarta tana nan, ba ta canza ba.

Ana wannan hidima a waje, a cikin gida wata ake yi. Ya Falmata sana'arta turaren wuta da humra, kuma tun da aka sa rana ta ce wa Inno kayan lefen nan ita za ta turara su da hannunta, kyauta, albarkacin maƙwabtaka.

"Hajiya, mu a wajenmu hanci ke fara karɓar baƙo," ta ce. "Kafin su ga atamfa sun shinshina ta. In ƙamshi ya yi, ko guda uku ce an yaba. In bai yi ba, ko ɗari ce sai an yi gulma."

Kwana uku ta yi tana aikin. Ta zuba garwashi a kasko, ta barbaɗa turare, ta kifa kabbasa, wannan kejin da ake shimfiɗa tufafi a kai, ta ɗora leshi da atamfa da shadda da mayafai ɗaya bayan ɗaya, kowanne sai ya sha ya ƙoshi. Akwai wani farin leshi da ta fi ji da shi, shi kaɗai ta ba shi rabin yini. Turaren nata na musamman ne, wanda ta ɓoye tun zuwansu, ba ta sayar wa kowa.

Ranar Asabar bayan azahar aka jera akwatuna huɗu a but. Ya Falmata ta bi kowanne ta zuge zif ɗinsa kamar taƙi guda, ta shimfiɗa farin leshin nan a sama.

"Ƙamshi zai taru ya cika nan ciki," ta ce. "Kada kowa ya buɗe but ɗin nan sai a gabansu. In sun taru ana guɗa, sai a ɗaga a hankali, ƙamshi ya riga mu sallama."

Inno ta zauna gaba, Ya Falmata da Batul a baya. Batul ta leƙa allurar mai.

"Yaya, man nan zai kai mu?"

"Da can lita huɗu take sha zuwa da dawowa. Yanzu rabi, lita biyu ke nan. Lissafi ne, ba sai na koya miki ba."

"Wa ya ce rabi?"

"Kwali."

Ya tayar. Ƙarar ba ta kwanta ba, ƙaruwa ma ta yi, don gwangwanin madara ya fara sakin jiki. Inno ta buɗe baki tana magana, ana ganin leɓenta yana motsi, ba a jin komai. Ta haƙura ta toshe kunne da gefen mayafi ta kama jan carbi. Duk inda suka wuce sai mutane sun miƙe tsaye, Sallau kuwa yana ɗaga musu hannu, baki har kunne.

A wani ɗan hawa abin ya fara bayyana. Mota tana ihu, tana rarrafe. Wani mai Napep da ya ɗauko mata uku da buhun masara ya zo ya jera da su, ya dubi salansa, ya dubi Sallau, ya wuce abinsa. Bayansa wani dattijo a kan keke da daurin rake ya iso, ya yi musu sannu da hannu, shi ma ya wuce. Suna kaiwa ƙarshen hawan mota ta yi tari biyu ta mutu. Shirun da ya biyo baya har daɗi ya yi wa kowa.

"Alhamdu lillahi," in ji Inno. "Ashe kunnena yana nan."

"Hutawa take yi," in ji Sallau, yana murɗa makulli, zufa tana keto masa.

"Mai ne ya ƙare, Yaya. Ko a kira kwali ya tura mu?"

Batul ta sauka ta tsallaka titi wurin masu sayar da fetur a galan. Ita kuwa Ya Falmata tun ɗazu take ɗaga hanci tana shaƙar iska.

"Sallau, ina jin wani wari. Tun muna hanya nake faɗa ba ka ji. Buɗe mini but na duba kayana."

Bakin Sallau bai taɓa rasa amsa ba.

"Haba Ya Falmata, ba ke kika ce kada a buɗe ba? In ƙamshin kwana uku ya tsere a bakin titi, masu rake za su shaƙa ko surukai? Warin titi ne kike ji."

Maganarta ce aka mayar mata. Ta koma ta zauna tana shinshinar gefen mayafinta, ranta bai kwanta ba.

Aka ɗura mai aka ci gaba. GRA unguwa ce da ko tari ka yi sai ka ji kamar ka yi laifi, bishiyoyi da dogayen katangu, ba kowa a titi. Motar Inno ta shigo ta farka ta gida biyu. Ƙofar gidan Alhaji Babakura a buɗe take, motocin baƙi a jere, mata sun fi talatin a harabar gida, sun sha lafaya, suna jiran 'yan kawo lefe. A gabansu akwai Hajiya Sadiƙa, gwaggon amarya Khairat, doguwar mace mai tabarau, ita ce mai karɓar kaya.

A nan ne ya kamata Sallau ya kashe mota ya gode wa Allah. Sai ya ga taro, ya ga duk idanu a kansa, abin nasa ya motsa. Ya cire giya ya taka totur sau ɗaya, don gaisuwa. Mai gadi ya ja da baya. Ya taka na biyu, motocin baƙi uku suka ɗauki kukan ɓarawo a lokaci guda. Inno ta kai masa duka a kafaɗa. Ya ɗauka cewa take ya ƙara, ya taka na uku ya riƙe.

Wani abu ya yi ƙara kamar an fasa ƙaton buhu. Waya ta tsinke. Salansa ta faɗo ƙasa, ta gangara tana ƙwalƙwal a kan daɓen harabar, ta je ta tsaya daidai gaban takalmin Hajiya Sadiƙa, gwangwanin madara yana biye da ita.

Hajiya Sadiƙa ta gyara tabarau ta duba.

"Wannan ma cikin lefen yake?"

Sallau ya kashe mota ya fito yana gyara hula. "Haka ake yi, Hajiya. In ta yi zafi ana sauke ta ta sha iska."

Inno ta fito, ta haɗiye abin da ke ranta, aka gaggaisa. Ya Falmata ta shiga cikin mutanenta suna ta wushe-wushe, gaisuwarsu ta Barbarci, har an fara gane wasu 'yan garinsu. Wata ta ce ai in Ya Falmata ce ta turara kaya, yau hanci zai sha biki. Mata suka matso suka kewaye bayan mota, wata tsohuwa ta kama hanci ta rangaɗa guɗa. Ya Falmata ta ɗaga kai, ta sa hannu biyu, ta ɗaga murfin but a hankali yadda ta tsara.

Baƙin hayaƙi ne ya yi sallama. Ya turnuƙo ya rufe fuskokin sahun gaba, guɗa ta tsaya a tsakiya ta koma tari. Mata suka watse suna fifita da mayafai, wata tana neman takalminta, wata tana kiran a kawo ruwa. Da hayaƙin ya lafa sai ga farin leshi ya koma ruwan toka, da baƙaƙen tabo huɗu a jere, daidai inda ramukan Injiniya suke busowa ta tsakanin akwatuna. Ya Falmata ta zaro wata atamfa ta kai hanci. Ta zaro shadda. Ta zaro mayafi daga can ƙasa. Duk warin tashar mota suke yi.

Ta juyo ta dubi Sallau, idonta jawur. Ta fara da Hausa, Hausa ta yi mata kaɗan, ta koma Barbarci. Sallau bai ji ko kalma ɗaya ba, amma daga yadda matan suke kama baki ya san ba addu'a take yi masa ba.

"Ku tsaya, ku tsaya," ya ce, yana ɗaga hannu. "Ku ba ku san kimiyyar abin ba. Wannan hayaƙin yana kashe asu. Shekara goma kayan nan ba abin da zai ci su."

"Ba abin da zai sa su ma," in ji Hajiya Sadiƙa.

"Kuma in aka bar shi ya gauraya da turaren, wani sabon ƙamshi ne zai fito."

"Da wane suna za mu kira shi? Humrar gareji?"

Wata ta fara ƙyaƙyatawa a baya, sai ta biyu, sai wuri ya ɗauka gaba ɗaya. Hajiya Sadiƙa ta yi ƙoƙarin riƙe fuska ta kasa, ta cire tabarau tana share hawaye, ta dafa kafaɗar Inno.

"Hajiya, angon dai ba wannan ba ne ko?"

"Wansa ne. Angon yana da hankali."

"To mun karɓi lefe. Shekara talatin ina karɓar kayan 'ya'ya, ban taɓa ganin wanda aka gasa kafin a kawo ba. Ku koma da shi a wanke, 'yar'uwarmu ta sake turarawa, ku dawo mana da shi Laraba. Amma don Allah a wata motar, ko kuma da wani direban."

"Motar dai ita ce," in ji Inno. "Motar maigidana ce, ba ta taɓa yi mini laifi ba."

Ta juyo ta miƙa wa Sallau tafin hannu a buɗe.

"Inno, gwangwanin ne bai da kyau. Da na samu na tumatir..."

Hannun bai motsa ba.

"A gaban mutane, Inno? Ki bari mu je gida mana."

"A gaban mutane ka taka totur, Maigida."

Ya duba hagu, ya duba dama, babu fuskar da ba dariya take yi ba. Ya zaro makulli, ya riƙe shi ɗan lokaci, sannan ya ajiye a tafin kakarsa a hankali, ko ƙara bai yi ba. Ita kuma ta miƙa wa Batul. Da za su tafi aka ba su tukwici, lemo da soyayyun kaji, aka ƙara wa Sallau da salansarsa a naɗe cikin tsohon buhu don har yanzu da zafinta. Batul ta ja su gida a hankali, mota ba salansa ko ɗaya, amma duk da haka ba ta kai rabin ƙarar zuwa ba, don ita ba ta da wanda take son ta burge.

Ranar Litinin Danny ya zo da injin waldarsa, aka tsinto tsohuwar salansa a bayan katanga ya mayar, ya toshe ramuka huɗun. Sallau kuwa gaisuwa kawai ya yi masa, har sau biyu. Hukuncin Inno kuwa bai tsaya a makulli ba. Ta ce wanda ya ɓata shi zai gyara, don haka aka rufe shagon takalma, aka zaunar da Injiniya a tsakar gidan Ya Falmata a kan 'yar kujera, mafici a hannu, kasko a gaba, atamfofin da aka wanke suna jiran layi.

Ya yi fifita ta kai awa guda bai ce uffan ba, abin da ba a taɓa gani ba. Sai ya karkata kai yana nazarin kaskon.

"Ya Falmata, kin san da za a sa wa kaskon nan ɗan bututu ta gefe, aikin kwana uku a yini ɗaya za a..."

Ta ɗaga muciya. Ya koma kan fifitarsa.

Daga waje aka ji an rufe ƙofar mota, aka murɗa makulli. Inji ya tashi lumui, da ɗan karkarwar nan tasa ta kullum da Sallau ya sani tun yana yaro a gefen kakansa. Ya ji muryar Inno tana cewa a fara biyawa ta kasuwa, ya ji an sa giya ba tare da ƙara ba, ya ji tayoyi sun taka tsakuwar ƙofar gida sun wuce. Ya bi sautin da kunne har ya ɓace a kwana. Hannunsa ya tsaya, mafici ya sauka a gwiwa, yatsansa yana juya abin da babu.

Ya Falmata ta ɗago ta ga idonsa ya kawo ruwa.

"Hayaƙi ne," ya ce da sauri, yana gogewa da hannun riga.

"Turarena bai taɓa sa kowa hawaye ba," ta ce. Ta tura masa kwanon ƙosai gabansa, ta ɗora wata atamfar a kan kabbasa. "Ci, sannan ka fifita. Saura goma sha tara."